Tutoy Sumagaysay, Wanda Ya Bar Kofi Ya Dawo Kaina

Da safiyar Alhamis, 27 ga Nuwamba, 2025, Analyn ta kira ni a waya. Ta ce, "Tito Ensoy," wato Kawu Ensoy, kamar yadda take kirana, ni kuwa tun kafin ta ƙara wata kalma na san sauran maganar. Mahaifinta, Restituto Sumagaysay, wanda mutanen birnin Iloilo suka fi sani da Tutoy, ya rasu a asibiti bayan doguwar jinyar ciwon huhu, yana da shekara saba'in da biyu. Allah ne ya ba mu aronsa, ya kuma karɓi abinsa.

Pare, abokina, gidan rediyo ya sanar da rasuwarka a cikin labarin wasanni. Suka ce tsohon ɗan ƙwallon kwando na Kwalejin San Telmo, wanda ya saki ƙwallo a wasan ƙarshe na 1974. Daga nan suka wuce zuwa tallar sabulu. Ni ne wanda aka saki ƙwallon dominsa, saboda haka ni ya kamata in cika abin da suka bari.

A zamaninmu kwalejoji takwas ne ke buga gasar tsibirin Panay, huɗu su haye zagaye na biyu, biyu su kara a ƙarshe. Kai kana San Telmo, makarantar ma'aikatan jirgin ruwa. Ni ina Santa Rufina, inda ake koyon aikin malanta. Ba ma ga maciji da juna. Ku kuna ce mana 'yan alli, mu muna ce muku masu ƙarnin kifi. Kai ake sa wa ka tsare ni a fili, kuma ban taɓa fita daga wasa da ku ba sai da shaidar gwiwar hannunka a haƙarƙarina. Kana manne da ni kana raɗa mini, "Ɗan alli, ka gama aikin gida kuwa ka fito wasa?" Na tsane ka a lokacin, tsana mai tsabta irin ta samari.

A kakar 1974 kuka ci wasanninku goma sha huɗu duka, ba wanda ya taɓa ku. Babu ƙungiyar da ta yi haka kafin ku, babu wadda ta sake yi har yau. Muka haɗu a ƙarshe, wanda ya ci biyu cikin uku shi ke da kofi. Kuka ci na farko, muka rama a na biyu. Na uku aka yi shi a tsohon zauren wasa na birni, mai rufin kwano da daɓen siminti da aka shafa wa fenti. Muna gabanku da maki ɗaya, lokaci ya kusa cika. Aka wurgo mini ƙwallo, na yi tsalle, ka riga ni cafewa a sama, ƙafata ta harɗe da ta wani, na sauka da ka.

Abin da ya biyo baya ba ni da shi a kaina, mutane ne suka ba ni labari. Ka riga ka wuce tsakiyar fili, babu kowa tsakaninka da kwando, alƙalin wasa yana gudu a gefenka bai ga abin da ya faru a baya ba. Ka ji ƙarar kaina a kan siminti. Ka waiga, ka gan ni ina shure-shure, jini ya cika mini baki. Sai ka saki ƙwallon, ta gangara ita kaɗai, ka dawo a guje ka juya ni a kan gefena kana kiran likita. Kafin wani ya kai ga ƙwallon aka busa tashi. Daga baya likita ya gaya wa mahaifiyata cewa da an bar ni a rigingine ɗan lokaci kaɗan, da jinin ya shaƙe ni.

Na farka a asibiti na tarar mu ne zakaru. Aka kawo mini kofin har gado na taɓa. Ban sake buga wasa ba, hannuna na hagu bai daina rawa ba tun daga ranar. Kai kuwa aka jefe ka da kwalabe a ƙofar zaure. Aka rubuta "maci amana" a bangon gidan mahaifinka a unguwar Arevalo. Aka baza cewa 'yan caca ne suka saye ka. Kocinku ya mutu bai sake yi maka magana ba. Kana gama karatu ka hau jirgin dakon kaya, ka yi fiye da shekara ashirin kana yawo a teku, sai hutu ke kawo ka gida, shi ma ba ka yarda a gan ka a gari.

Bayan ka ajiye aikin jirgi, wata rana ina zaune a kasuwar La Paz ina shan romon taliyar batchoy, sai wani ƙato mai furfura ya ja kujera kusa da ni ya ce, "Ɗan alli, kan nan naka yana aiki kuwa, ko asara na yi?" Na buɗe baki in yi maka godiyar da na daɗe ina ajiye da ita, ka ɗaga hannu ka ce in biya kuɗin taliya kawai, magana ta ƙare.

Tun daga shekarar ba mu rasa zagayen ƙarshe na gasar ba. Muna zama can sama, daidai inda magoya bayan ɓangarori biyu suka rabu, saboda ni ba zan zauna cikin masu ƙarnin kifi ba, kai ma ba za ka zauna cikin namu ba. Kowace shekara mai sharhi sai ya karanto tarihin gasar: wa ya fi ɗaukar kofi, wa ya fi zuba maki a wasa guda, sannan ya zo kan ƙungiya ɗaya tilo da ta ci wasanninta duka ta rasa kofi. San Telmo ta sha hayewa cikin huɗun ƙarshe ana fitar da ita, har mutane suka sa wa abin suna la'anar Tutoy. Kana zaune kana ji, kana ɓare gyaɗa, ba ka ko ɗaga kai.

Sau ɗaya na tambaye ka ko kana nadama. Ka ce, "Kullum, Pare. Da na san surutunka zai kai haka, da na jefa ƙwallon tukuna." Muka yi dariya. Can kuma ka ce, ba tare da ka dube ni ba, "Ban yi wani tunani ba. Ƙarar na ji." Ba mu sake tayar da maganar ba.

Da matata Leonora ta rasu, 'ya'yana suka zo jana'iza suka koma, ɗaya Kanada, ɗaya Dubai. Gida ya yi mini faɗi. Kai ne kake zuwa da babur ɗinka kowace safiya, ka tsaya a ƙofa kana danna oda har sai na fito, ka kai ni shan kofi ko ina so ko ba na so. Shekarar da guguwa ta kwashe rufina, ka hau sama da guduma kana zagin ƙusoshi, matarka Meding tana ƙasa tana roƙon ka sauko kafin ka mayar da ita gwauruwa. A filin unguwarku ka koyar da yara ƙwallo kyauta shekara da shekaru, kuma darasin farko da kake ba kowane yaro shi ne yadda zai faɗi bai bugi kansa ba. Iyaye suna gunaguni, wai sun kawo yara su koyi jifa ana koya musu birgima. Ba ka taɓa yi musu bayani ba.

A bana San Telmo ta kai wasan ƙarshe, karo na farko tun naku. Kai kuwa kana kwance, da robar iska a hanci. Ka hana a kunna maka rediyo, ka ce bakin masu sharhi ya ishe ka. Ka ce ni in je in gani da idona in zo in faɗa maka, kuma in zauna a ɓangarenku. Na zauna, Pare. Ni, ɗan Santa Rufina, na zauna cikin samarin San Telmo ina ihu har muryata ta dushe, babu wanda ya san ko ni wane ne. Aka ci su.

A cikin motar haya ta jifni ina hanyar asibiti na yi ta shirya ƙaryar da zan yi maka. Ina shiga ka dube ni ka ce, "Kada ka wahalar da kanka, fuskarka ta riga ta faɗa. Da nawa?"

Na ce, "Da maki biyu."

Ka lumshe ido ka ce, "Yaran banza. Mu da ɗaya aka ci mu." Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, Analyn ta kore ni waje tana cewa, "Tito, ku biyun nan ba za ku girma ba." Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

A zaman makoki 'yan wasan San Telmo na bana suka zo da rigunansu, suka jeru a gaban akwatin gawarka, kocinsu ya yi wa Meding gaisuwa da sunan makaranta. Na ji daɗi saboda iyalinka, ko da yake na so a ce kana tsaye da ƙafarka aka yi maka wannan. Bayan an binne ka na dawo gida na zauna a baranda har rana ta faɗi. Cikin waɗanda suka san ni ina saurayi ina gudu, kai ne na ƙarshe. Duk wanda ya rage a garin nan da tsoho ya san ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Meding, wadda ta jira ka a tashar jirgi rabin rayuwarta ba ta gaji ba. Ga Analyn, wadda ta yi jinyarka har ƙarshe. Ga ɗanka Rodel, wanda labarin ya same shi a tsakiyar teku bai samu zuwa jana'iza ba. Da jikokinka baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku a inda shi ya saba tsayawa.

Kai kuma, Pare, Ubangiji ya yi maka jinƙai, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutawa ta har abada cikin haskensa. Ya dubi ran da ka ceta, ya saka maka da abin da mu ba mu iya ba. Idan tamu ta zo, ya sa mu cika da kyau. Amin.

Florencio Balasa
La Paz, Iloilo