Anti Juya-Kujera

Ɗalibai ne suka laƙaba mata sunan, a bayan idonta mana, wa ya isa a gabanta. Shekara goma sha shida ke nan tana aikin gwajin ji a asibiti. Duk sabon da aka turo mata ya yi shekarar horo kafin a ba shi lasisi, ba ta tambayarsa makarantar da ya gama. Sai ta nuna masa ɗakin gwaji, ɗan akurkin nan mai tagar gilashi, ta ce, "Juya kujerar." Su a ganinsu tsirfa ce. Da sun san inda ta samo ta, da ba su yi dariya ba.

Aikin ba wuya a baki. Majiyyaci na ciki da abin saurare a kunne, mai gwaji na waje tana danna maɓalli, in ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Ƙa'ida ɗaya ce: kada ya ga fuskar mai dannawa.

Ranar ƙarshe ta nata horon, gwaji ɗaya ya rage mata a gaban mai kula da ita, wata dattijuwa da ake kira Jan Biro, wadda ba a taɓa ganin haƙoranta ba. In ta sa hannu, lasisi ya samu. In ta ƙi, sai a ƙara wata shida. Kamar da gayya, majiyyacin ranar bai zo ba. Jan Biro ta leƙa baranda, ta ga wani tsoho a benci.

"Wancan fa?"

"Babana ne, Hajiya. Rakiya ya yo mini."

"Ba shi da kunne ne? Shigo da shi."

Baba mai gyaran agogo ne, shi ya rene ta tun rasuwar mahaifiyarta. Ya zauna ya gyara hula kamar za a ɗauke shi hoto. Ta kai hannu kan kujerar, sai nauyi ya kama ta. Ta yaya za ta sa mahaifinta ya fuskanci bango kamar mai laifi? Ta bar shi yana kallonta.

Ta danna, ya ɗaga hannu. Ta rage ƙara, ya ɗaga. Ta kai ta inda ko yaro sai ya kasa kunne, hannun ya tashi cak. Ta rubuta "jinsa lafiya lau", kai na kumbura.

Jan Biro ta duba takardar. "Shekararsa nawa?"

"Sittin da takwas."

"Kunnen jariri a kan ɗan sittin da takwas. Madalla. Kin san duk sanda za ki danna sai kin ɗaga gira? Je ki juya shi."

Ta juya shi. Ta danna, shiru. Ta ƙara, shiru. Ƙeyar Baba kawai take gani, hannunsa a gwiwa. Sai da ta kusa ƙure na'urar sannan hannun ya tashi a hankali.

Nan fa abubuwa suka dawo mata. Tun yaushe ya daina kara agogo a kunne, sai dai ya zuba masa ido? Tun yaushe ba ya amsawa in ta yi magana daga kicin, har tana masa tsiya wai ya cika miskilanci? Shekara biyar tana karatun kunne, gida ɗaya suke kwana, ba ta san mahaifinta ya kurumce ba. Kunya ta rufe ta, da ƙasa za ta tsage da ta shige.

Baba ya fito ya ga fuskar 'yarsa, ya rusuna wa Jan Biro. "Hajiya, don Allah kada ki kayar da ita. Na farkon ai na yi daidai. Na biyun ne ba na ganinta. Laifina ne."

Jan Biro ta rufe bironta ba ta sa hannu ba. "Wata shida," ta ce da ita. "Ga majiyyacinki na farko nan."

A hanyar gida Baba bai daina ba ta haƙuri ba, wai ya ja mata faɗuwa. Sau uku tana cewa ba laifinsa ba ne, bai ji ba. Sai da ta sha gabansa a tsakiyar titi, ta tsaya inda zai ga bakinta, sannan ta sake faɗa.