Muryar Bayan Zana

Motar ma'aikata nake ja a ƙasar Qatar, tsakanin Al Wukair da Al Gharrafa, safe da yamma. Kafin in sauke na ƙarshe, bayana ya yi kamar an daka shi a turmi. Sunil, wani Ba'indiye mai ɗaurin rodi, shi ke zama kusa da ni, wayarsa ba ta shiru. Waƙoƙin ƙasarsu na yanzu yake sawa, masu kiɗan inji da ke dukan ƙirji. Ba irinsu na tashi ina ji ba.

A gidanmu na Gusau, bayan isha'i, kakarmu Iya Kande takan tara mu a bakin murhu tana gasa mana dankali. Rediyon kawunmu na rataye jikin ƙusa. Wani lokaci sai ya saki waƙar Indiya, sarewa da wata murya siririya kamar zare. Iya ba ta taɓa shiga silima ba, ko kalma ɗaya ba ta ji, amma sai ta ɗaga hannu.

"Ku yi mini shiru. Ga ta nan, yau daga Indiya ta taho muku."

Labarin wata 'yar mai wanki ne da Allah ya ba murya. Gimbiyar garin kyakkyawa ce, amma ba ta iya waƙa ba. Sai aka ɓoye yarinyar bayan zana tana rerawa, gimbiya na motsa baki a gaban jama'a. Tafi da kyauta duk na gimbiya, ita kuwa sai ragowar tuwo. Haka ta girma. Wata rana ta gaji, ta rataya 'yar gangarta, ta fita tsakiyar kasuwa ta yi waƙa da fuskarta a buɗe.

"Iya, sai aka gane ita ce?" in ji ƙanwata Balaraba.

"Wasu sun gane, wasu sun wuce da cefanensu. Ku tashi haka nan, wuta ta mutu."

Kwanan baya cunkoso ya riƙe mu a Al Aziziya, sai na ba Sunil labarin da ɗan Turancin da muke lallaɓawa. Ya yi dariya. Ya ce ai kusan haka aka yi. A da mawaƙansu bayan 'yan fim suke, murya tasu, fuska ta wani. Da kaset ya yawaita, wasu suka fara fitar da waƙoƙinsu ba tare da fim ba, aka gan su a talabijin, suka gauraya gangunan ƙauye da kiɗan Turawa. Yanzu yaro a ɗakinsa zai haɗa waƙa ya watsa ta waya.

"Ni ma na fita kasuwar," ya ce. "Bukukuwa na yi ta bi, na yi waƙata ta kaina. Ba wanda ya tsaya. Kalas, shi ke nan."

Ina yaro na ɗauka labarin cin nasara Iya take ba mu. Sai a nan na lura ba ta taɓa cewa yarinyar ta yi arziki ba. Ita kanta rayuwarta a dakan gidajen mutane ta ƙare, ta san ba duk mai fitowa ake tsayawa dominsa ba.

"Sa mini taka in ji," na ce masa.

Ya daɗe yana lalube a wayar kafin ya samo ta, ya rage sauti. Murya ce mai daɗi, ta saurayin da bai san Doha ba tukuna. Mutanen baya duk sun yi barci, kawunansu jingine da gilashi. Hanya ta buɗe, motocin da ke bayana na ta danna mini oda. Na bar su har ya kai ƙarshen baitin, sannan na sa giya.