Rariya da Farin da Ya Koma Rawaya

A masana'antar ƙananan fitilun nan na LED, masu kama da ƙwayar shinkafa, Rariya ake ce mata, don ba tsakuwar da ke wuce ta. Shekara goma sha tara tana teburin tantancewa. Na'ura ce ke kunna kowace ƙwaya, ta auna ƙarfin haskenta da launinta, ta jefa ta ajin da ya dace, ita kuma Rariya ta ɗebi kaɗan ta duba ko na'urar ta yi shirme. Ku fari ɗaya kuka sani. Ita bakwai ta sani, har labulen surukarta ta taɓa ba wa aji na uku, a gaban baƙi.

Kwatsam wani mako ta mayar da tire shida na ajin farko, irin waɗanda masu ƙera kayan gwajin ido ke saya. Wai sun yi rawaya.

Mai Awo, wanda ke saita na'urar, ya sa fitilar ma'auni a farin tulun da ake gwada haske a ciki har sau uku. Lamba ko motsi ba ta yi ba.

"Yaya, na'ura lafiyarta ƙalau," in ji shi.

"Kai da ita duk kun tsufa. Ni za a koya wa fari?"

Manaja kuwa har ya fara zancen sallama, don mai korar kaya masu kyau ba ya daɗewa a teburin nan. Mai Awo ya roƙi a ba shi yini ɗaya. Ya kunna mata ƙwaya guda.

"Rufe idon dama."

Fari fat.

"To, buɗe shi, ki rufe na hagu."

Rawaya, kamar haƙorin tsohon mashayin taba.

A asibiti likita ya ce yanar ido ce ta fara rufe na daman, kuma za ta ciru. Rariya ta ɗora haɓa a kan na'urarsa, ta hango ɗan haske a ciki.

"Likita, wannan fitilar taka ajin farko ce. Ƙila ma ta hannuna ta bi."

"Mama, ki yi shiru ki kalli gaba."

Bayan aikin idon da wata guda ta koma teburinta. Tire shidan nan ta fara nema, ta sa musu hannu da kanta. Sannan ta tsaya gaban Mai Awo, ta daɗe tana kallonsa.

"Ƙanena, ka tsare mini ido, ka tsare mini abincina. Allah ya saka maka da alheri." Ta goge ƙwalla da gefen mayafi. "Amma rigar nan taka, dā na ɗauka laifin idona ne. Ashe da gaske wanki take so."