Na Je Sara Ɗauko Ɗalibina

Ana sallame asuba muka ɗau hanya a fijon jami'a, ni da direba da wani abokin aikina. Sara ta ƙasar Gwaram muka nufa, neman ɗalibin da ya fi kowa kai a sashenmu na injiniya. Tun da ya tafi jana'izar mahaifinsa bai dawo ba, ga jarrabawar ƙarshe ta matso. A matsayina na shugaban tsangaya, sai da na yi ta roƙon hukumar jami'a kafin ta yarda a jira shi.

Kwalta sabuwa fil har Birnin Kudu, albarkar kuɗin mai, manyan motocin 'yan kwangila sai wuce mu suke. A gindin duwatsun garin muka sha fura. Mai nonon ta ga mota ta tsuga mana kuɗi, wai ai yanzu kowa ya yi arziki. Daga nan muka shiga burji. Ruwan shuka ya sauka, motar ta kafe, mu masanan injiniya muka naɗe wando muna turi.

A gona muka same shi, yana gaba yana sara, ƙannensa na binsa da iri. Ashe gandun gidan aka danƙa masa, shi ne babba, kuma wanda ya riƙe gandu ba ya barin gari da damina. Na yi masa bayanin digiri, da karatun Ingila, da kamfanonin da ke rububin ɗalibanmu tun kafin su gama. Kansa na ƙasa har na yi shiru.

"Malam, na gode ƙwarai," in ji shi. "To jami'a ta jira ni. Ruwan nan fa, zai jira?"

Innarsa ta yi mana tuwon dawa da miyar kuka, tana ta sa mini albarka, a zatonta gaisuwar mutuwa kawai ta kawo ni. Na kasa gaya mata gaskiya.

Mun komo da la'asar ba tare da shi ba. Raina ya ɓaci sosai. Tafiyar ta nuna mini muna tsara zangon karatu kamar ɗalibanmu ba su da gona, ba su da ƙanne. Jiya aka fara jarrabawa, bai zo ba. Masinja ya zo zai fitar da teburin zanensa, na ce ya bar shi tukuna.