Cleon da Bututun Hagu

Bakina ne ya ja min. Muna zaune a barandar maƙwabcina Cleon Batiste a garin Lake Charles, rediyo ta ce wani jirgin fasinja ya sulalo daga can ƙololuwa kamar an tsinke masa igiya, da ƙyar matuƙa suka tallafo shi. Na ce, "Wani ne ya yi barci a bakin aiki." Matarsa Odessa ta take min ƙafa. Ashe Cleon ne ya duba jirgin kafin ya tashi.

Tun yana saurayi Cleon ke aiki a filin jirgi. A gefen hancin kowane jirgi akwai 'yan bututu masu shaƙar iska, su ke gaya wa matuƙi irin gudun da yake yi. In jirgi ya kwana a ƙasa, Cleon ke sa musu murfi, shi ke cirewa, ya leƙa ciki da tocila. Babban abokin gabarsa zanzaro ne. In ya tarar da rami a buɗe, sai ya kwaɓa laka ya yi gida, jirgi ya tashi yana shara wa matuƙi ƙarya.

Aka ce Cleon ya zauna gida sai an gama bincike. Ba a rasa rai ba, amma wata tsohuwa ta karye a ƙugu. Mutumin da ke tashi da kwano biyu na miyar kuɓewa da jatan lande ya koma juya cokali. Ni kuwa kullum sai na kawo masa dalili: iskar da ido ba ya gani, ƙanƙara, na'ura ta rikice, ko gwiwar matuƙi ta ture sitiyari. Ya ce duk ya san waɗannan. Abin da ya kasa tabbatarwa shi ne, ya leƙa bututun hagu ranar, ko leƙen wata rana yake tunawa.

Wata rana muna cin abincin rana aka kira shi a waya daga wurin aiki. Aka ce bututu fes suke, ya koma aiki ran Litinin, bincike ya juya kan matuƙan.

"To ɗan'uwa, ka sha," na ce, ina miƙa kwanona. "Odessa, ƙaro mana."

"Na sha," in ji shi. "Yau kuma a gidan wani za a kasa cin abinci. Kai dai, Dewey, ko da jirgin ya faɗo a kan tukunyar, sai ka suɗe ta."