Kaskon Zuliha

Na fara ganin Zuliha ranar Talata, 14 ga Nuwamba 2023, da ƙarfe tara da rabi na safe. Ni ne sakatare a wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari, ni ke rubuta duk wanda ya shigo. Ta zo dafe da ƙirji, numfashi yana fita da ƙyar. Na rubuta: shekara hamsin da biyu, daga Jiratawa, mai noman zogale, asma tun ƙuruciya.

"Malam, yi sauri," ta ce, "kar in cika kana neman murfin biro."

A makon nan wuta ta ci daji gabas da Jiratawa. An ce masu farautar gafiya ne suka cinna wa ciyawa. Kwana uku hayaƙi yana kwance a gulbi, inda lambunta yake. Majo, babban ma'aikacin jinyarmu, ya ba ta maganin shaƙa, ni kuma na rubuta mata umarninsa a takarda don 'yarta Hidaya ta riƙa karanta mata. Layi huɗu ne: ta rufe hanci da baki, ta shiga ɗaki, ta rufe ƙofa da taga, kar ta rabu da maganin.

"Zogalen fa?" ta ce. "Kai za ka yanka mini?"

Abin da na iya shi ne buɗe wani littafi daban, ina rubuta ranar da hayaƙi ya taso da inda masu tari suka fito. A lissafina mutanen gulbi suka fi yawa, sai na Tibiri, sai na cikin gari. In na hango hayaƙi ta gabas sai in kira wayar Hidaya. Wani lokaci Zuliha ta zauna a gida, yawanci ta riga ta tafi lambu.

Ranar 3 ga Disamba 2024 na hango hayaƙi na kira, Zuliha kuma ta ji magana. Ta shiga ɗaki ta rufe ko'ina. Amma ƙaurin gobara ya kama kayanta, ita kuwa ba ta zama a ɗaki mai ƙauri. Ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wuta. Hidaya ta same ta kwance a bakin ƙofa.

Da ta farfaɗo a wajenmu, ta dube ni.

"Ka ce in rufe ɗaki, na rufe. Turare ai ba hayaƙi ba ne, Malam."

Na ɗauko kwafin takardar na sake karantawa. Babu turare a ciki. Na ƙara layi na biyar.

Zuliha ba ta koma lambu ba. Yanzu tana Tibiri a gidan da Hidaya ta koma, daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai ta tsaya hutawa sau biyu. Hayaƙin yana isa can ma. Har yanzu ina kiransu in na hango shi.