Motar Baffa da ƙafar Gwaggo

Har yau idan warin fetur ya haɗu da na daddawa a hancina, sai in ji kamar ina zaune a cinyar Gwaggo a gaban motar Baffa. Gwaggo yayar mahaifina ce, Baffa kuma autansu. Yana da wata tsohuwar akori-kura da yake zagaya ƙauyuka da ita ranar kasuwar Batsari, ya kwaso mutane da buhuna. Zangonsa na ƙarshe wata 'yar unguwa ce bayan Ruma, inda Gwaggo take zaune ita kaɗai tun rasuwar mijinta da 'ya'yanta. Daddawa take yi. Hanyar ta bi ta gefen daji, tun a lokacin ba a son bin ta a ƙasa, don haka in ba motar Baffa, Gwaggo ba ta da kasuwa. Idan an yi hutu nakan bi shi don in gan ta.

Da wata damina motar ta fara mutuwa a hanya. Da safe ba ta gardama. Sai an gama lodi, an juyo, an shiga gargada, sannan injin ya yi tari, ya shaƙe, ya yi shiru. Baffa ya buɗe gaba, ya kankare kan batir, ya goge filogi da bakin rigarsa, ya zuƙi tiyon mai ya tofar. In an ɗan jima ya murza makulli, ta tashi kamar ba ita ba. Wani bakanike ya ce zafi ne, wani ya wanke kafireta, aka sauya famfon mai. Har laya aka rataya a madubi. Duk a banza.

Wani mahauci mai yawan barkwanci ne ya fara faɗa, muna zaune a inuwa ana jiran Baffa.

"Direba, ba ka lura ba? Da za mu je, lafiya lau. Sai mun ɗauki yayar taka."

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Kafin kasuwa ta zagayo, maganar ta daina zama wasa. Aka tuno da mijinta, aka tuno da 'ya'yanta, aka ce farar ƙafa gare ta.

Ranar da abin ya faru, motar ta mutu daidai inda itatuwa suka rufe hanya, ga shi a makon an ce an tare mutane a wurin. Baffa ya taɓa duk abin da ya saba taɓawa, ta ƙi. Mata suka fara salati. Daga baya wani ya ce, "A sauke ta mana!" Wasu suka amsa.

Baffa bai dube ta ba. Sitiyari yake kallo.

"Yaya, ki ɗan sauka mu gani."

Ta ɗaga ni daga cinyarta a hankali, ta ajiye ni a kujera, ta sauka da kwanon daddawarta. Ya murza makulli. Motar ta tashi.

Ba zan manta kabbarar da aka yi ba. Gwaggo ta miƙa hannu za ta kama ƙofa, matar da ke kusa da ni ta ja ta rufe.

"Ki koma gida, Yaya," in ji Baffa. "Zan aiko."

Ta madubin gefe na ga tana gyara gammo, tana ƙanƙancewa.

Bayan nan motar ta ci gaba da mutuwa ba tare da ita ba, aka ce ai ta riga ta shafe ta. Sai da kaka, da abin ya ishi Baffa, aka sauke tankin a wani gareji a Safana, aka zazzage. Leda ce ta fito, ta yi laushi kamar ganyen da ya kwana a ruwa. Murfin tankin ya daɗe da ɓata, Baffa yana toshe bakin da totuwar masara naɗe da leda, yadda direbobinmu suke yi. Wani yanki ya faɗa ciki. Shi kuma man da zai kai shi ya dawo da shi kawai yake sha a galan. Da safe ledar na yawo a sama. Kafin a kai Ruma mai ya yi ƙasa, gargada ta kaɗa ta bakin tiyo ta toshe. Injin na mutuwa, sai ta saki.

A gidanmu Baffa ya ba da labarin, yana cin tuwo yana dariya. Mahaifina ya ce, "To Yaya fa?"

"Ni na gane," in ji shi. "Fasinja ne ba za su shiga ba."

Da mahaucin ya ji, cewa ya yi, "To wa ya sa ledar ta faɗa?"

Shekarar da 'yan bindiga suka tashi unguwar su Gwaggo, motoci sun je kwasar mutane. Kowane direba ya san ta. Ɗaya ya ce mata, "Iya, ki yi haƙuri, yau ba ranar tsayawa a hanya ba ce." A ƙasa ta iso Batsari, a bayan shanun wasu Fulani, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi fita.

Yanzu tana gidanmu. An ce a birni na'ura ake jona wa mota ta faɗi ciwonta da kanta. Baffa ya sayar da akori-kurar, babur yake haya da shi, yakan shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa da sa albarka. Amma duk ranar da aka kawo motar biki ƙofar gida, sai ta ce bayanta ke ciwo. Ta shige ɗaki ta saki labule, ba ta ko leƙowa sai ta ji ƙarar injin ta yi nisa lafiya.